Bindigogi Biyu a Mashayar Sakwa

Litinin, 22 ga Afrilu, bayan la'asar

Dijatu ta zo yau, matar Jalo. Tun daga rugarsu ta bayan Sakwa har nan Azare, cikin wannan zafi. Shekara ashirin da ɗaya Jalo yana yi mini kiwon 'yan shanuna, ban taɓa ganin matarsa ta shigo gidan nan ba ƙwarya a ka ba sai yau.

Ta zauna a bakin ƙofar ɗakin maiɗakina, Hajiya Zulaiha. Ta ƙi tabarma, ta ƙi ruwa. Ta ce, "Malam, sun tafi da shi tun ran Asabar."

Ga yadda ta ba ni labarin. Ruwan kogi ya janye bana fiye da yadda aka saba. Ran Juma'a da yamma Jalo ya kai shanu mashaya, wani bijimi ya kafe a taɓo. Yana kokawar fitar da shi sai ƙafarsa ta taka ƙarfe. Ya sa hannu ya tono. Bindigogi biyu, da wani dunƙule da ya yi kama da harsasai. Ya zuba a buhu ya kai gida, da niyyar gari na wayewa ya kai wa mai unguwa. Ko kumallo bai karya ba motar 'yan sanda ta tsaya a bakin ruga.

Wani ne ya hango shi da buhun. Na san ko wane ne, Dijatu ma ta sani. Ba zan rubuta sunansa ba.

Da wata shekara ce, da dariya za a yi a sallame shi. Amma tun abin da ya faru a hanyar nan watan jiya, da mutum biyun da har yau ba su dawo gida ba, Bafulatani da buhun bindiga ba abin dariya ba ne.

Ta ce, "An ce kai ka san bindiga kamar yadda Jalo ya san saniya. Ka je ka gaya musu ba tasa ba ce."

Na yi shekara talatin da ɗaya a aikin ɗan sanda, goma sha tara daga ciki a ɗakin ajiyar makamai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, aikin minti goma ne.

Haka na ce mata. Minti goma.

Talata, 23 ga Afrilu, da hantsi

Na samu mai binciken a waya. Ashe Insifeto Zayyad ne, wanda ni na koya wa kwance bindiga da ɗaurawa lokacin yana kurtu. Ya ce, "Baba, ni ma a idona tsofaffi ne. Amma 'a idona' ba ya shiga fayil. Mutanen gari suna zaune a ƙofar ofis kullum, daga sama ma ana buga mini waya. In na samu rahoto daga wanda ya san aikin, da irin bindigar da shekararta da shaidar ba za ta tashi ba, zan tura Bauchi a ba ni izinin sakinsa. In ba haka ba shi zan tura."

Mun yi da shi ran Alhamis.

Na ɗiga maganin. Takardar asibitin tana nan inda na sa ta, cikin aljihun tsohon kakina a ƙasan akwati.

Laraba, 24 ga Afrilu, bayan magariba

Hajiya ta leƙo ta ce me ya sa rubutuna ya koma kamar na ɗan aji ɗaya, layi uku ya cinye shafi. Na ce biron ne mai kauri.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dawo daga ofishin 'yan sanda na Katagum.

Na ga Jalo a bayan kanta. Muryarsa na fara ganewa. Ya ce, "Malam, ka sha hanya." Bai yi maganar kansa ba ko kaɗan. Abin da ya ce kawai, in gaya wa Dijatu ta riƙa juya Inna, kada ta bar ta kwance gefe guda, bayanta yana yin gyambo. Mahaifiyarsa ke nan, tun damina ba ta tashi.

Aka shigar da ni ofishin babbansu. An shimfiɗa buhun a kan tebur. Kuratan suka cika ƙofa, don Zayyad ya riga ya gaya musu wai ga mutumin da yake ɗaura bindiga ido a rufe ya zo.

Na ɗauki ta farko. Nauyinta kawai ya gaya mini rabin labarin. Na shafa ta tun daga gindi har baki, hannuna ya san ta. Sai Zayyad ya ce, "Yawwa Baba, ga wani rubutu nan a wuyanta, mun kasa ganewa. Karanta mana."

Na kai ta kusa da fuskata. Na matsa bakin taga. Na juya ta.

Babu komai. Jan abu kawai, dishi-dishi.

Kowa yana jira. Na ji bakina yana cewa hasken ɗakin nan bai isa ba, kuma tsatsar ta yi kauri, a jiƙa su cikin kananzir kwana bakwai tukuna. Babbansu ya ce to, masana sun faɗa. Zayyad ya rako ni har bakin mota yana ta godiya.

Ban koma ta wajen Jalo ba. Ta ƙofar baya na fita.

Juma'a, 26 ga Afrilu, da safe

Kwana biyu ya ishi kananzir. Na sani.

Asabar, 27 ga Afrilu, bayan azahar

Bari in rubuta shi sau ɗaya, tunda littafin nan ba mai buɗe shi.

Wata takwas ke nan da likita ya gaya mini. Hawan jinin ido. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama kamar mai leƙe ta kafar makulli, ita ma kafar kullum ƙara tsukewa take. Maganin ba ya dawo da abin da ya tafi, rage gudu kawai yake yi.

Na je kasuwa na sayo gilashin nan mai ƙara girman rubutu, wajen mai gyaran agogo. Na ce jikata ce take so. Na kulle ɗaki na gwada a kan kwalin magani. Manyan haruffa suna fitowa. Ƙananan kuwa kamar tururuwa cikin ruwa. Abin da aka buga a jikin ƙarfe shekara ɗari da suka wuce, tsatsa ta ci rabinsa, ina zan gan shi?

Zan ci gaba da gwadawa. Wataƙila da sassafe idon ya fi washewa.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da sassafe

Bai fi ba.

Litinin, 29 ga Afrilu, da yamma

Zafi. Ba wuta tun jiya.

Na tsiyaya shayi a gefen kofi, ya zubo mini a ƙafa. Hajiya ta kawo tsumma ta goge. Na ce butar ce bakinta ya karkace.

An ce matan ruga sun daina kai nono kasuwa, wai ba mai saye. Har an fara cewa bindigogi goma sha biyu aka samu.

Talata, 30 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Zayyad ya kira. Wai tsatsar ta saki sosai, in ina da hali in zo gobe, ba sai an jira Alhamis ba.

Na ce zazzaɓi nake yi.

Ya ce Allah ya sawwaƙe, Baba, ka huta, lafiyarka ta fi. Har ya ce zai aiko mini da zuma.

Laraba, 1 ga Mayu, bayan azahar

Ban fita ba. Na ɗiga maganin sau huɗu maimakon biyu, kamar hakan zai yi wani abu.

Alhamis, 2 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

Yau ne kwana bakwai ɗin. Na sa riga, na sa hula, na kai bakin titi, na dawo.

Da azahar Dijatu ta sa aka kira ni a waya. Inna ta rasu da hantsi. An yi jana'iza kafin la'asar saboda zafi. An je an roƙa a fito da Jalo ko na awa ɗaya ne, aka ce ba za a iya ba, gari bai kwanta ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Juma'a, 3 ga Mayu

Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Jiya na rubuta kwanan wata na rasa abin da zan sa a ƙarƙashinsa.

Yau Hajiya ta shigo ta tura ƙofa. Ba ta zauna inda ta saba ba, gabana ta zo ta tsaya. Na ji ta ajiye wani abu a cinyata. Takardar asibitin.

Ta ce, "Tun watan Mauludi na gan ta, ranar da na fitar da kakin in shanya. Na ce zan jira ka gaya mini da bakinka. Kana tsammani buta da kanta take komawa wuri ɗaya kullum? Wa ya ɗauke turmi daga hanyar banɗaki?"

Na ce ban so in ɗaga mata hankali ba.

Ta ce, "A'a, Baban Hanan. Ba hankalina ka ji wa ba. Ka ji kunyar a ce Sha'aban mai makamai ya makance. Da ni kaɗai ce abin ya shafa, wallahi sai in ci gaba da kawar maka da turmi har ƙarshen rayuwa. Amma mutumin nan uwarsa ta mutu yana kulle."

Shekara talatin da takwas muna tare, ba ta taɓa yi mini magana da wannan muryar ba.

Can ta sauke murya ta ce, "Mene ne abin da ake so a karanta? Ni dai har yau ina zura zare a allura, kuma na gama aji bakwai. Jibi tare za mu."

Litinin, 6 ga Mayu, bayan magariba

Mun je, mun dawo. Zan rubuta shi duka ko da zai cinye littafin.

Hajiya ta zo da ƙullin toka da lemun tsami shida a jakarta. Na ce na mene ne, ta ce in bari.

Ɗakin nan dai, teburin nan, kuratan a ƙofa. Kafin kowa ya ce komai na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana. Ranar da na zo na ce haske bai isa ba, ƙarya na yi. Hasken lafiya lau yake. Ni ne ba na gani. Zazzaɓin ma ban yi ba."

Ban ga fuskokinsu ba, wannan kam an sauƙaƙa mini. Na dai ji Zayyad ya ce, "Baba..." ya tsaya. Babbansu ya yi gyaran murya ya tambaya to yanzu yaya za a yi. Na ce ni zan taɓa in faɗa, maiɗakina za ta karanta, Insifeto ya duba abin da ta karanta ya tabbatar. Ya ce bismilla.

Aka miƙo mini ta farko, tana warin kananzir. Na ce su kawo tasu ta aiki su ajiye kusa don su gwada. Na fara daga baki. Na ce ku duba, katako ya rufe ta har hanci, hancin a dakushe kamar na alade. Irin tasu ta aiki, mak fo da muka yi fareti da ita, bakinta yana leƙowa waje. Wannan yayarta ce, ta girme ta. Na gangaro. Ga gidan harsashi, mai cin goma. Ga sakatar da ake ja da hannu bayan kowane harbi, ta haɗe da jikin bindigar ta zama abu ɗaya, ko da guduma ba za ta motsa ba. Na ce a zura waya ta baki. Zayyad ya zura, ba ta shiga ko tsawon ɗan yatsa ba. Laka ta daskare a ciki kamar dutse.

Na juya gindin na ƙwanƙwasa da farce. Na ce wannan ba baƙin ƙarfe ba ne, tagulla ce, ba ta tsatsa. Hajiya ta ce a ba ta. Na ji tana yanka lemo. Ta goga da toka kamar yadda take yi wa tsohon farantin kakarta. Wani kurtu ya ce, "Kai! Ji yadda take walƙiya."

Sannan na ɗora yatsanta a wuyan bindigar, ƙarƙashin hannun sakata, na ce nan ne. Ta ɗauki lokaci. Ta nemi a ba ta kujera kusa da taga.

"Akwai wani abu kamar hula mai tsini-tsini."

Na ce kambin sarauta ne. A ƙarƙashinsa fa?

"G. Sai... R, ina ji. Ƙafarsa ɗaya ta cinye."

Ci gaba.

"Ɗaya. Tara. Ɗaya. Wannan ko bakwai ko ɗaya ne." Ta ƙara gogawa da gefen mayafinta. "Bakwai ne."

Alif ɗari tara da goma sha bakwai. Zayyad ya karɓa ya haska da wayarsa ya ce haka ne. Wani daga ƙofa ya ce ashe ta girmi kakansa.

Ta biyun ruwa ya fi cin ta, rubutun ya tafi gaba ɗaya, rabin katakon ma babu. Amma hancin ɗaya, gindin tagulla ɗaya. Na ce a rubuta iri ɗaya ce, shekara ba ta karantuwa. Ba zan faɗi abin da ba a gani ba.

Harsasan guda biyar ne, sun manne a jikin maƙalinsu. Na ce kada kowa ya buga su ko ya kai su kusa da wuta, tsohon harsashi ba a yarda da shi. Hajiya ta goge gindin ɗaya a hankali ta karanto sha bakwai, da wasu sanduna biyu bayan wani harafi kamar bakin almakashi. Shekarar da aka yi shi ke nan da lambar irinsa, daidai da abin da nake tsammani.

Babbansu ya tambaye ni yadda aka yi suka shiga kogi. Na ce ban sani ba. An yi yaƙin Jamus na farko da irinsu, an kuma ba sojojinmu irinsu a na biyu, har ƙasar Bama. Ko wani ya dawo da su a ɓoye tsoro ya kama shi ya zubar, ko kwalekwale ya kife da masu tsaro a wata damina. Mai amsar ya daɗe a ƙasa. Abin da zan sa hannu a kai shi ne, waɗannan sun fi shekara hamsin a ruwa, kuma Jalo bai kai sittin ba.

Zayyad ya rubuta ina faɗa masa. Hajiya ta karanta mini daga farko har ƙarshe, ta kama hannuna ta ɗora a kan layin. Na sa hannu.

Ban nemi ganin Jalo ba. Hajiya ce ta je ta yi masa gaisuwa.

A mota ta yi barci, kanta a kafaɗata, hannunta yana ƙanshin lemo da kananzir.

Laraba, 8 ga Mayu, da hantsi

Takarda ta tafi Bauchi tun jiya. Shiru.

Na kira 'yata Hanan a Kano na gaya mata maganar idon. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta ce za ta nemi wani likitan. Na bar ta ta yi.

Alhamis, 9 ga Mayu, da yamma

Shiru.

Juma'a, 10 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

An sake shi. Zayyad ya ce bindigogin za a kai su gidan adana kayan tarihi in an gama rubuce-rubuce. Ya kuma sa mai unguwa ya tara mutane aka nuna musu, kowa ya taɓa da hannunsa, aka ga biyu ne ba sha biyu ba.

Kwana huɗu tsakanin sa hannuna da fitowarsa. Da na buɗe baki ranar 25, da ya fito ranar 29. Inna ta rasu ranar 2.

Na lissafa ta kowace fuska. Haka yake fitowa.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan magariba

Mun je ruga gaisuwa. Hajiya ta shiga wajen mata, ni da Jalo muka zauna a gindin wata tsamiya. Muryarsa ta dushe, yana tari.

Ya fara yi mini godiya, na ce ya dakata. Na gaya masa duka. Ranar Alhamis ɗin farko, da kananzir, da zazzaɓin ƙarya, da ranar da na kai bakin titi na dawo. Na gaya masa lissafin kwanakin ma, don kada ya zama wani ne zai lissafa masa.

Shanu suna tuƙa a bayanmu. Na ji Jalo yana karya wani ɗan kara, yana sake karyawa.

Ya ce, "Dijatu ta ce ran Laraba Inna ta tambaye ni sau biyu. Ta ce ko na dawo daga kiwo."

Na ce ka yafe mini, Jalo.

Ya ce, "Na ji, Malam." Bai ƙara ba, ni ma ban sake roƙo ba. Ba ni da hakkin in matsa masa.

Mun daɗe a haka. Da rana ta yi sanyi sai ya miƙe ya ce, "Ka yi ta shafa bindigogin nan a ofis, ba ka san inda suka fito ba. Taso."

Muka nufi mashaya, yana gaba ina bin farin rigarsa. Da muka kai gangaren sai farin ya ɓace mini, ƙasa da ruwa suka zama abu ɗaya. Na tsaya. Ban kira shi ba.

Na ji takunsa ya tsaya, ya dawo. Ya kama ni a damtse, riƙo mai ƙarfi, irin na mai riƙe maraƙi.

Ya ce, "A hankali. Akwai rami a damanka."

Haka muka sauka har bakin ruwa.